Tunawa Da Marigayi Ƙasimu Yero, Gwanin Wasan Talabijin

Masu karatu, a filinmu na yau za mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Ƙasimu Yero, ɗaya daga cikin dattawan da suka raya wasan kwaikwayo na talabijin a ƙasar Hausa tun kafin a san finafinan kaset. Mu nan Birnin Ƙonni, da ba mu da nisa da Sakkwato, yawancinmu daga bakin iyayenmu muka fara jin sunansa.

Ƙasimu Yero mutumin Zariya ne, amma a Kaduna ya yi yawancin rayuwarsa da aikinsa. Ya taso a zamanin da gidan talabijin na Kaduna ke tara 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama. A nan ne ya yi suna da shirin ban dariya na Karambana, inda ake nuna halin mutumin da ba ya iya ganin abu ya ƙyale. Jama'a na dariya, amma kowa na tuna wani karambanin da ya sani a unguwarsu.

Shirin da ya kai sunansa ko'ina a Najeriya shi ne Cock Crow at Dawn, wanda hukumar talabijin ta NTA ta fara nunawa a 1980. An ɗauke shi a yankin Jos, Peter Igho ya rubuta, bankin UBA ya ɗauki nauyi, da nufin jawo hankalin jama'a su koma gona, daidai da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Labarin wani magidanci ne mai suna Bello da ya bar birni da iyalinsa ya koma ƙauye don ya yi noma. George Menta ne ya fito a Bello, Sadiq Daba a Bitrus, shi kuwa Ƙasimu ya fito a Kawu Gaga, ɗan'uwan da ya zame wa iyalin ƙarfen ƙafa.

A nan gwanintarsa take. Ba shi ne jarumin labarin ba, amma ba don Gaga ba da labarin ya yi lami. Fitowa a mugu ba ƙaramin aiki ba ne, domin sai ɗan wasa ya yarda a tsane shi kafin darasin ya shiga. Ƙasimu ya yarda, ya kuma yi wasan da Turanci kamar yadda yake yi da Hausa, har waɗanda ba Hausawa ba suka riƙe sunan Gaga. Daga baya ya fito a shirin Magana Jari Ce, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam.

Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna a watan Satumba na 2017, yana da kimanin shekara 70.

Abin da ke damunmu shi ne, yaranmu na yau sun haddace sunayen taurarin finafinan Kano, waɗanda tarihinsu ya faro da Turmin Danya a 1990, amma kaɗan ne suka san waɗanda suka share musu hanya. Ya kamata gidajen rediyo da talabijin namu, a Nijar da Najeriya, su adana ayyukan waɗannan dattawa, su riƙa maimaita su, masu tasowa su ga yadda ake wasa ba da kwalliya ba. Allah ya jiƙan Alhaji Ƙasimu Yero, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.