Markoni da Tudu

An haifi Markoni a birnin Bolonya, ƙasar Italiya, a shekara ta 1874. Tun yana saurayi yake neman hanyar aika saƙo ba tare da waya ba.

Abu guda ya dame shi: ko tudu zai tare saƙon? A 1895 ya tura wansa bayan wani tudu, ɗauke da na'urar karɓar saƙo da bindiga. Markoni ya ɗaga eriya sama, ya aika. Can sai ya ji ƙarar bindiga. Saƙo ya ƙetare tudu!

Markoni ya rasu a 1937. Har yau manyan duwatsu suna rage ƙarfin rediyo. Shi ya sa ake kafa eriya bisa tudu.