Tarihin Joseph-Armand Bombardier, bakaniken ƙauye da ya ƙera motar dusar ƙanƙara

Joseph-Armand Bombardier, ɗan ƙasar Kanada, shi ne mutumin da aka fi dangantawa da ƙera motar da ke tafiya a bisa dusar ƙanƙara a irin sigar da aka san ta a yau. Bai yi karatun jami'a ba. A wani ɗan garejin gyaran motoci na ƙauyensu ya soma aiki, da tsofaffin injuna da ƙarafan motocin da suka gama yayi, daga bisani kuma sunansa ya zama sunan kamfanin da ya ƙera jiragen ƙasa da na sama.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Bombardier ranar 16 ga watan Afrilun 1907 a ƙauyen Valcourt da ke lardin Quebec, inda ake magana da Faransanci. Shi ne babba a cikin 'ya'ya takwas na Alfred Bombardier, manomi wanda daga baya ya buɗe kanti, da matarsa Anna Gravel.

Tun yana ƙarami aka lura da ƙaunarsa ga ƙarfe da inji. Yana ɗan shekara 13 ya haɗa wani ɗan jirgin ƙasa na wasa, wanda kayan cikin agogo ke tafiyar da shi. Sai dai burin mahaifinsa daban ne. Bisa al'adar iyalan Katolika na Quebec a wancan zamani, ana so babban ɗa ya zama limamin coci, don haka yana ɗan shekara 14 aka tura shi makarantar Saint-Charles-Borromée da ke birnin Sherbrooke.

Mahaifin nasa ya taɓa ba shi injin wata tsohuwar mota ƙirar Ford Model T, wanda ake ganin ya wuce gyara. Yaron ya kwance shi, ya gyara, ya kuma tayar da shi. A jajibirin sabuwar shekara, ƙarshen 1922, lokacin yana ɗan shekara 15, ya ɗora wannan inji a kan wani amalanke marar ƙafafu irin wanda ke sulu a kan ƙanƙara, ya maƙala masa farfelar katako a baya, sannan shi da ƙanensa Léopold suka bi titin ƙauyen da shi. Abin ya tafi, amma farfelar a buɗe take, tana iya sare duk wanda ya matso. Mahaifinsu ya ba da umarnin a wargaza shi nan take.

Yana ɗan shekara 17 ya bar makarantar limaman da yardar iyayensa. Ya yi zaman koyon kanikanci a wani gareji a South Stukely, sannan ya wuce birnin Montreal, inda yake aiki da rana, da dare kuma yana ɗaukar darussan kanikanci da na lantarki. A 1926 ya koma Valcourt ya buɗe garejinsa da rancen da mahaifinsa ya ba shi. Yana gyaran motoci da injunan manoma, kuma ba a daɗe ba ya yi suna a yankin. A 1929 ya auri Yvonne Labrecque, suka haifi 'ya'ya shida.

Ƙauyen da hanya ke rufewa

A wancan lokaci ba a share dusar ƙanƙara daga hanyoyin karkara na Quebec. Da zarar hunturu ya kama, sai a jingine motoci na tsawon watanni, a koma ga dawaki masu jan amalanke. Idan guguwar ƙanƙara ta yi tsanani, ko dokin ma ba ya iya fita. Manomin da ke zaune a ƙauyukan Funtua ko Malumfashi ya san kwatankwacin wannan hali a tsakiyar damina, lokacin da rafi ya kawo, hanyar burji ta koma laka, mota ta kasa shiga, mai naƙuda ko yaro marar lafiya kuma suka rasa yadda za su kai asibiti.

Tun da aikin gyaran mota yakan tsaya a hunturu, Bombardier ya mayar da waɗannan watanni lokacin gwaje-gwajensa. Yakan ɗauki tsohuwar mota, ya cire tayoyin gaba ya sa dogayen katakai masu santsi a madadinsu, ya ƙara tayoyi a baya, ya zagaye su da sarƙa irin ta katafila. Akwai waɗanda suka riga shi irin wannan tunani. A Amurka, Virgil White ya sayar da kayan da ake mayar da Ford Model T motar ƙanƙara, Carl Eliason na jihar Wisconsin kuma ya sami takardar mallakar fasahar wani amalanke mai inji a 1927. Amma dusar Quebec tana da zurfi da laushi, motocin kuma suna da nauyi. Sukan nutse, ƙanƙara ta cushe tsakanin taya da sarƙa, sarƙar ta goce ko ta tsinke.

A hunturun 1934 ɗansa Yvon, mai shekara biyu, ya kamu da ciwon afendis wanda ya rikiɗe ya zama kumburin ciki. Ana bukatar a yi masa tiyata a asibitin Sherbrooke, amma ƙanƙara ta toshe hanya, kuma babu ko ɗaya daga cikin motocin gwajin mahaifinsa da ke shirye ta yi wannan tafiya. Yaron ya mutu. Masu rubuta tarihin Bombardier sun yi ittifaƙi cewa wannan rashi ne ya sa ya duƙufa a kan aikin fiye da kowane lokaci a baya.

Ƙafa mai haƙora

A 1935 ya gano bakin zaren. Ya ƙera wata ƙafa mai haƙora, irin wadda ke jan sarƙar keke amma babba, ya lulluɓe haƙoran da roba. Sarƙar kuma ya yi ta da ɗamarar roba guda biyu, waɗanda ƙarafa ke haɗa su a gicciye. Haƙoran suna shiga tsakanin ƙarafan su ja sarƙar, don haka ba ta zamewa, ƙanƙarar da ta shiga kuma tana zubewa ta ramukan da ke tsakani. Robar tana rage jijjiga da cin ƙarfe. Faɗin sarƙar yana rarraba nauyin motar, shi ya sa ba ta nutsewa inda taya za ta lume.

Ranar 29 ga watan Yunin 1937 gwamnatin Kanada ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha. A kanta ya gina motar da ya kira B7, wato harafin farko na sunansa da adadin mutanen da take ɗauka. Jikinta na katako ne, injinta yana baya, katakan sulu biyu kuma suna gaba ana juya su da sitiyari. Likitocin karkara na cikin waɗanda suka fara saya, tare da likitocin dabbobi, masu masaukin baƙi da masu hidimar jana'iza.

Garejin ya yi wa aikin kaɗan, sai ya gina masana'anta a Valcourt, wadda aka buɗe a 1941. A wannan lokaci ne ya fito da B12 mai ɗaukar mutum 12. Ranar 10 ga watan Yulin 1942 aka yi wa kamfanin rajista da sunan L'Auto-Neige Bombardier Limitée, kuma 'yan uwansa na jini ne suka riƙe manyan muƙamai a cikinsa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta taƙaita sayar da irin waɗannan motoci ga farar hula, Bombardier ya koma tsara wa sojoji motoci masu sarƙa. Bayan yaƙin kasuwa ta buɗe sosai. Motarsa C18 tana kai yara makaranta, wasu kuma na ɗaukar wasiƙu da marasa lafiya.

Daga ƙanƙara zuwa laka

A ƙarshen shekarun 1940 abubuwa suka juya masa baya. An yi hunturun da dusar ƙanƙara ba ta zuba sosai ba, sannan gwamnatin Quebec ta wajabta share hanyoyin karkara. Da motoci na yau da kullum suka sami hanya, cinikin kamfanin ya faɗi warwas cikin shekara guda.

Bombardier ya juya ga ƙasar da ba ta da hanya ko kaɗan. Tare da ƙanensa Gérard suka fito da wasu kayan da ake ɗaura wa taraktar noma, wato ƙarin taya da sarƙa, domin ta yi aiki a ƙasa mai taɓo ba tare da ta kafe ba. An sayar da dubbai daga cikinsu ga manoma a ciki da wajen Kanada. Matsalar da wannan ƙira ta magance sananniya ce ga masu noman masara da auduga a kudancin jihar Katsina, inda tarakta kan nutse a fadama bayan ruwa mai ƙarfi, a yini ana haƙa ana tura ta.

A 1953 ya fito da taraktar Muskeg, wadda aka raɗa wa sunan fadamun arewacin Kanada. Masu neman man fetur da masu yankan katako sun yi amfani da ita a wuraren da babu motar da ke shiga. A 1955 kuma aka sami wata ƙarama mai suna J5, ta aikin daji.

Ski-Doo

Duk da haka bai manta da burinsa na ƙuruciya ba, wato ƙaramar mota mai sauƙi ta mutum ɗaya ko biyu, wadda za ta maye gurbin amalanken da karnuka ke ja a arewa mai nisa. Abubuwa biyu suka hana shi a da: nauyin injuna da rashin sarƙar da ta dace. A shekarun 1950 an soma samun ƙananan injuna marasa nauyi, babban ɗansa Germain kuma ya ƙera sarƙar roba guda ɗaya mai faɗi, wadda ba ta da mahaɗa. A Amurka ma kamfanin Polaris na jihar Minnesota ya soma ƙera nasa a 1956, amma na Bombardier ya fi sauƙi, injinsa yana gaba, direba kuma yana zama a kansa kamar mai tuƙa babur.

A watan Afrilun 1959 ya kai ɗaya daga cikin na gwaji ga abokinsa Maurice Ouimet, wani limamin coci da ke zaune cikin al'ummar Ojibwa a Lansdowne House, arewacin Ontario. A wannan shekara aka fara ƙera shi domin sayarwa, guda 225. Sunan da aka yi niyya shi ne Ski-Dog, saboda karnukan da zai hutar, amma kuskuren ɗab'i ya mayar da shi Ski-Doo, aka kuma bar shi a haka.

Mafarauta, masu safiyo da mazauna arewa ne ya yi wa tanadi, sai ga shi masu neman nishaɗi sun fi kowa saye. Kafin ƙarshen rayuwarsa adadin da ake ƙerawa a shekara ya haura 8,000. A yau a Kanada, Amurka da ƙasashen arewacin Turai akwai masu sayen tsohon Ski-Doo na hannu, su kwance shi a garejin gida, su sake injin, su canza sarƙa, su yi masa fenti, kamar yadda makanikan Funtua ke tayar da tsohon babur ko injin ban ruwa da aka fid da rai da shi.

Mutuwarsa da abin da ya bari

Bombardier ya mutu ranar 18 ga watan Fabrairun 1964 a Sherbrooke, sakamakon cutar daji, yana da shekara 56. Ɗansa Germain ya gaje shi, sannan a 1966 surukinsa Laurent Beaudoin ya karɓi ragamar kamfanin.

A hannun magadansa kamfanin ya faɗaɗa. A 1970 ya sayi Rotax na ƙasar Ostiriya, mai ƙera injunan Ski-Doo. A 1974 ya sami kwangilar taragun jirgin ƙarƙashin ƙasa na Montreal, a 1986 kuma ya sayi kamfanin jiragen sama na Canadair. Jiragensa samfurin CRJ900 da Q400 sun yi jigilar fasinjoji a Najeriya a ƙarƙashin kamfanin Arik Air.

Daga baya an rarraba kamfanin. A 2003 aka ware sashen Ski-Doo ya zama kamfanin BRP, wanda hedikwatarsa ke Valcourt. A 2021 kamfanin Alstom na Faransa ya sayi sashen jiragen ƙasa, Bombardier ya tsaya ga ƙera ƙananan jiragen sama na 'yan kasuwa da manyan jami'ai.

A 1971 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Valcourt, a shekarar 2000 kuma hukumar gidan waya ta Kanada ta fitar da kan sarki domin tunawa da shi. Garejin da ya buɗe a 1926 yana cikin abubuwan da ake nuna wa masu ziyara a gidan tarihin.