Janar Seyni Kunce da aikin raya karkara

An haifi Seyni Kunce a Fandu cikin shekara ta 1931. Ya karɓi mulki ran 15 ga Afirilu 1974, lokacin da fari ya halaka hatsi da bisashe. Aikinsa na farko shi ne kai cimaka ƙauyuka. Bayan haka ya raya samariya, ya haɗa ta da ƙungiyoyin manoma, don talakka ya samu ta cewa bisa rijiyarsa da gonarsa. A 1984 taron Maraɗi ya ɗauki alkawarin shuka itatuwa. Da damina ta ɓaci a shekarar, ya kira jama'a zuwa noman rani. Mulkinsa mai tsauri ne: an soke jam'iyyu, an tsare ƴan adawa. Ya rasu a Pari ran 10 ga Nuwamba 1987.