Antonietta Meo: Yarinyar Roma da Gidan da Ya Ɗauki Gicciye Tare da Ita

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wata yarinya wadda ba ta cika shekara bakwai a duniya ba, amma Ikklisiya tana nazarin rayuwarta domin sanya ta cikin jerin tsarkaka. Ba za a iya ba da labarinta a bar iyayenta a baya ba, gama su ne suka yi jinyarta wata goma sha bakwai tana fama da ciwon daji.

An haifi Antonietta Meo a birnin Roma ta ƙasar Italiya ran 15 ga Disamba, 1930. Sunan mahaifinta Michele, mahaifiyarta kuwa Maria, tana kuma da ya mai suna Margherita. A gida ana kiranta Nennolina. An yi mata baftisma ran 28 ga Disamba, ranar idin jariran Baitalami, a majami'ar Gicciye Mai Tsarki da ke kusa da gidansu. Yarinya ce mai fara'a da son wasa, kamar kowane yaro a gidajenmu.

A farkon shekarar 1936, tana da shekara biyar, ta faɗi a makarantar yara ta buge gwiwarta ta hagu. Aka ɗauka ƙaramin rauni ne, amma kumburin ya ƙi sauka, zafi kuwa sai ƙaruwa. Da likitoci suka gano gaskiyar al'amarin, ashe ciwon dajin ƙashi ne. A wancan zamani babu magungunan kashe ƙwayoyin daji irin na yau, abin da ya rage kawai shi ne a yanke ƙafar. Iyayen suka yarda da zuciya mai nauyi, aka yi aikin ran 25 ga Afrilu, 1936.

Abin da gidan nan ya yi bayan haka ya isa a lura da shi. Ba su ɓoye 'yarsu a ɗaki don kunya ko tsoron bakin mutane ba. Sun sa an yi mata ƙafar roba, nauyinta bai hana ta koyon tafiya da komawa wasa ba. A watan Oktoba na shekarar suka sa ta a makarantar firamare tare da tsararrakinta. Ta kuma shiga ƙungiyar yara 'yan Katolika. Ciwo ya ɗauke mata ƙafa, amma iyayenta ba su bari ya ɗauke mata ƙuruciya ba.

Kowace yamma mahaifiyarta takan zauna da ita tana koya mata katikizim, domin yarinyar ta ƙosa ta karɓi Jikin Kristi. A cikin wannan zama ne Antonietta ta fara aika wasiƙu ga Yesu da Uwargida Maryamu. Da fari ita ke faɗa, uwar na rubutawa, daga baya ta riƙa rubutawa da hannunta. Wasiƙun sun haura 100. A cikinsu tana ba da labarin yininta, tana roƙon gafara don ƙananan laifofinta, tana kuma miƙa zafin jikinta domin masu zunubi. Ta karɓi Jikin Kristi karo na fari a daren Kirsimeti na 1936, aka kuma yi mata sakramen tabbatarwa a watan Mayu, 1937.

Ba a jima ba ciwon ya bazu zuwa huhunta. Tari da zazzaɓi suka kwantar da ita, numfashi ya yi wuya, har likitoci suka cire mata haƙarƙari uku don su rage ruwan da ya taru a ƙirjinta. Ran 2 ga Yuni ta faɗa wa mahaifiyarta wasiƙarta ta ƙarshe, tana gode wa Yesu a tsakiyar wahala. Uwar ta kasa jurewa. Cikin ɓacin rai ta dunƙule takardar ta jefa a aljihun tebur. Kada mu yi saurin wuce wannan wuri. Mace ce mai bangaskiya, duk da haka zuciyarta ta yi tawaye da ta ga 'yarta tana shan azaba, Ikklisiya kuwa ba ta share wannan daga tarihin ba. Bayan 'yan kwanaki likitan Paparoma Pius XI ya zo duba yarinyar, mahaifin ya nuna masa takardar nan, shi kuma ya kai wa Paparoma, wanda ya aiko mata da albarkarsa.

Antonietta ta rasu ran 3 ga Yuli, 1937, tana da shekara shida da rabi. A 1999 aka mai da ƙasusuwanta majami'ar da aka yi mata baftisma. Ran 17 ga Disamba, 2007, Paparoma Benedict XVI ya amince cewa ta yi rayuwar nagarta ta jaruntaka, aka ba ta laƙabin Mai Daraja. Idan aka tabbatar da ita waliyya, za ta zama mafi ƙanƙanta cikin tsarkakan da ba shahidai ba.

Mu lura, 'yan'uwa, iyayen nan ba su sa addu'a a madadin asibiti ba, sun riƙe duka biyun. Yau kuwa likitanci ya yi nisa. Tun wajen shekarun 1970 ake haɗa magani da tiyata, sau da yawa akan ceci ƙafar, kuma kusan biyu cikin uku na masu wannan ciwon ƙashi suna rayuwa idan bai bazu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a matalautan ƙasashe kuwa ba su kai kashi 30 ba. Daga cikin dalilan akwai jinkirin zuwa asibiti da yanke magani a tsakiya don rashin kuɗi. Saboda haka kumburin da ya ƙi sauka a jikin yaro ba abin jira ba ne, ba kuma abin zargin maƙwabci da maita ba.

Idan akwai gida irin na Michele da Maria a ikklisiyarmu, kada mu bar su su kaɗai. Zumuntar Mata, matasa da dattawa, bari wani ya kai abinci, wani ya kwana a asibiti uwa ta samu barci, wani ya kula da sauran yaran, mu kuma haɗa gudummawa don kada magani ya yanke. In uwa ta yi kuka ko ta yi fushi, mu zauna da ita, kada mu yi mata faɗa. Ubangiji ya ta'azantar da yaranmu marasa lafiya da masu jinyarsu. Amin.