Luigi Russolo

Luigi Carlo Filippo Russolo (30 ga Afrilu 1885 – 4 ga Fabrairu 1947) mai zane ne kuma maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Italiya. Ana ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa kiɗan hayaniya, wato kiɗan da ake haɗawa da ƙarar injuna da rugugi da sauran sautukan da kunne bai saba ɗauka a matsayin kiɗa ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Portogruaro da ke arewa maso gabashin Italiya. Mahaifinsa makaɗin molo ne na coci, irin babban molon nan mai bututu, 'yan'uwansa biyu kuma sun karanci kiɗa a Milan. Shi kuwa zane ya zaɓa. Ya koma Milan a shekarar 1901, a 1910 kuma ya sa hannu tare da Umberto Boccioni da Carlo Carrà a kan sanarwar masu zane na ƙungiyar Futurismo. Ƙungiyar, wadda Filippo Tommaso Marinetti ya kafa, tana ɗaukaka gudu da inji da birni, tana kuma neman a juya wa tsohuwar fasaha baya.

Fasahar hayaniya

A watan Maris na 1913 ya rubuta wa mawaƙi Francesco Balilla Pratella wata doguwar wasiƙa mai suna L'arte dei rumori, ma'ana fasahar hayaniya. Hujjarsa ita ce injuna sun sauya kunnen ɗan Adam, don haka 'yan sautukan da makaɗan Turai suka gada ba za su ƙara isar mutumin birni ba. Ya kasa hayaniya gida shida, daga tsawa da fashewa zuwa raɗa da kukan dabbobi.

Bai tsaya a rubutu ba. Shi da mataimakinsa Ugo Piatti sun ƙera kayan kiɗa da suka kira intonarumori, daga kalmomin Italiyanci biyu masu nufin daidaita sauti da hayaniya. Kowanne akwatin katako ne mai ƙaho a gaba. Makaɗi yana juya hannu a baya, wata ƙafa a ciki ta goga tsirkiyar da ke haɗe da fata, sannan ya ja wani sanda don ɗaure tsirkiyar ko sassauta ta, kusan yadda mai kalangu ke matse ganga ya sauya murya. Ba wutar ƙara sauti a ciki. Sunayensu ma daga aikinsu aka samo su: mai haushi, mai ruri, mai ƙuruƙuru.

A watan Afrilun 1914 aka yi babban wasa da su a gidan wasan Dal Verme na Milan, taron ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin 'yan kallo da 'yan ƙungiyar. A watan Yuni na shekarar suka yi wasa a Landan.

Yaƙi da ƙarshen rayuwa

Ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da kansa, ya kuma samu mummunan rauni a ka a 1917. A 1921 ya nuna kayansa a Paris, daga baya ya ƙera wani abin kiɗa mai madannai da ya tattara sautukan wuri ɗaya. Bai samu kasuwa ba. A ƙarshen rayuwarsa ya karkata ga binciken al'amuran ruhi, ya koma zane, ya rasu a Cerro di Laveno, bakin tafkin Maggiore.

Babu ko ɗaya daga cikin akwatunansa na asali da ya rage. Abin da ake da shi ɗan faifan garmaho ne na ɗan'uwansa Antonio, da wani guntun rubutun kiɗa.

Tasiri

Saboda haka ra'ayinsa ne ya yaɗu, fiye da sautinsa. Ƙungiyar Art of Noise ta Birtaniya daga wasiƙarsa ta samo suna. A Japan, Masami Akita, wanda aka fi sani da Merzbow, ya kai kiɗan hayaniya maƙura tun daga 1979.

Salon digital hardcore ya bullo a Berlin, inda Alec Empire da Hanin Elias da Carl Crack suka kafa Atari Teenage Riot a 1992. Sun haɗa zafin kiɗan punk da bugun na'ura mai sauri da sautin da aka gurɓata da gangan. Bambancinsu da masu tsantsar hayaniya shi ne sun riƙe bugu da murya da taken siyasa, amma iyakar ba ta da kauri: Empire ya yi wasa tare da Merzbow a gidan CBGB na New York a 1998, wasan ƙungiyar kuma a Brixton Academy na Landan a 1999 kusan hayaniya ce zalla.

Ta fuskar siyasa dai hanyoyin sun rabu. Marinetti ya mara wa mulkin Mussolini baya, Atari Teenage Riot kuwa an kafa ta ne don adawa da sababbin 'yan Nazi a Jamus.

A 2009 mawaƙi Luciano Chessa ya sake ƙera intonarumori guda 16 don wani bikin fasaha a Amurka.