Imhotef: Maginin Dalar Sakkara

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ambaci dalolin ƙasar Masar, sunayen sarakunan da aka binne a cikinsu ne ke fara zuwa a zuciya. Ba kasafai ake tunawa da maginan da suka tsara su ba, domin tarihi bai adana sunayen mafi yawansu ba. Imhotef na cikin 'yan ƙalilan da sunansu ya tsira. Shi ne masana suke danganta wa ginin dala ta farko a Masar, wato dala mai hawa-hawa da ke Sakkara.

Zamaninsa da Muƙamansa

Imhotef ya rayu ne a ƙarni na 27 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a zamanin Sarki Joser na gidan sarauta na uku, lokacin da birnin Manfis yake hedkwatar mulki. Ma'anar sunansa a tsohon harshen Masar ita ce wanda ya zo da aminci.

Babbar shaida a kan matsayinsa ta fito ne a shekarar 1926, yayin da masu tonon kayan tarihi suka gano gindin wani mutum-mutumi na Sarki Joser a Sakkara. A jikinsa an sassaƙa sunan Imhotef tare da muƙamansa, waɗanda suka haɗa da mai riƙe hatimin sarki, da babban limamin bautar rana na birnin Heliyofolis, da shugaban masassaƙa. Ba al'adar Masarawa ba ce a rubuta sunan bafade a jikin mutum-mutumin sarki, don haka wannan ya nuna irin fadar da yake da ita.

Ginin Dala

Kafin zamanin Joser, akan binne sarakuna da manyan fadawa ne a ƙarƙashin wani shimfiɗaɗɗen gini na tubali mai kama da dakali, wanda ake kira mastaba. Kabarin Joser ma da wannan siffa aka fara shi, sai dai da dutse aka gina shi. Daga baya aka faɗaɗa shi, aka riƙa ɗora wani hawa a kan wani, kowane ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, har ya kai hawa huɗu, sannan shida. Tsayinsa ya kai kimanin mita 60.

Aiki da dutse a wannan girma sabon abu ne a lokacin. Shi ya sa magina suka sassaƙa duwatsun ƙanana, kusa da girman tubalin da hannunsu ya saba da shi, suka kuma jera su a karkace zuwa ciki domin nauyi ya koma tsakiyar ginin. Hatta ginshiƙan zauren shiga an sassaƙa su ne da kamannin damin kara, aka kuma jingina su da bango maimakon a bar su tsaye su kaɗai.

A ƙarƙashin dalar an haƙa rami mai zurfin mita 28, inda aka yi ɗakin gawar sarki, ga kuma hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da tsawonsu ya haura kilomita 5. A cikinsu an samu kwanoni da tuluna na dutse kimanin 40,000. An kewaye harabar da ganuwa mai tsayin fiye da mita 10, mai siffofin ƙofofi da dama, amma ɗaya ce tak ake shiga ta cikinta. Daga wannan aiki ne fasahar gina dala ta bunƙasa, har kimanin shekara 100 bayan nan aka gina babbar dalar Khufu a Giza, mai tsayin mita 146.

Ƙarshen Rayuwarsa

An samu sunan Imhotef a jikin ganuwar dalar Sarki Sekhemkhet, magajin Joser, wadda ba a kammala ba. Wannan ne ya sa ake kyautata zaton ya rayu bayan ubangidansa. Kabarinsa kuwa ya ɓace. Wani masani Bature, Walter Emery, ya nemi kabarin a Sakkara tun daga shekarar 1964 har ya rasu a 1971 bai same shi ba.

Sunansa Bayan Rasuwarsa

Fiye da shekara 1,000 bayan rasuwarsa, marubutan Masar sun ɗauke shi a matsayin uban sana'arsu, har sukan ɗiga ruwa daga kaskonsu domin girmama shi. Bayan kimanin shekara 2,000 kuwa, sai aka shigar da shi cikin ababan bautarsu a matsayin mai warkarwa, Girkawa kuma suka daidaita shi da Askilifiyos, gunkinsu na magani. Maneto, wani malamin tarihi na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), shi ya ambace shi da cewa shi ne ya ƙago gini da sassaƙaƙƙen dutse. Wajibi ne mai nazari ya lura cewa shahararsa ta likitanci ta zo ne daga baya, babu wani rubutu na zamaninsa da ya kira shi likita.

Kammalawa

Dalar Sakkara na nan tsaye bayan shekara fiye da 4,600. Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Girgizar ƙasa ta 1992 ta raunana ginin, aka fara gyara shi a 2006, aka sake buɗe shi a watan Maris na 2020. A 2006 ɗin ne kuma aka buɗe gidan kayan tarihi mai ɗauke da sunan Imhotef a Sakkara. Malamin da zai koyar da wannan tarihi zai yi wa ɗalibansa adalci idan ya rarrabe musu abin da aka samu a rubuce tun zamanin Imhotef da abin da al'ummomin baya suka ƙara a kansa.