Janar Degol: Ya Tsira Daga Harsashi, Jijiyar Ciki Ta Kayar Da Shi

Duk ɗan kasuwar da ke ƙirga jaka da dala a Zongon Lome, ko a bakin iyakar Aflawo da Sinkase, yana riƙe da wani abu na tarihin mutumin da za mu kawo muku yau. A ranar 26 ga Disamba 1945, lokacin da Janar Degol ke shugabancin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Faransa, aka ƙirƙiro kuɗin sefa. Amma abin da ya sa muka ɗauko shi, shi ne ciwon da ya zama ajalinsa, domin ciwo ne mai bin jini.

An haifi Degol a birnin Lil ranar 22 ga Nuwamba 1890. Dogon mutum ne, ya kusa mita 2. Ya shiga soja yana saurayi, aka ji masa rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka kama shi a Bardun cikin 1916. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, sai ya ƙetara Landan, ya yi kira ta rediyon BBC ranar 18 ga Yuni cewa a ci gaba da yaƙi. Cadi ce ta fara amsa masa a Afirka, ƙarƙashin gwamna Felis Ebuwe. Ya sauka daga mulki a 1946, ya dawo a 1958. A zamaninsa ne Togo ta sami 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu 1960, Nijar kuma ranar 3 ga Agusta. A 1962 'yan bindiga suka yi wa motarsa ruwan harsashi a kusa da Paris, ya fita ko ƙwarzane babu. Ya yi murabus a 1969, ya koma gidansa na ƙauyen Kolombe.

A nan ne, da yammacin 9 ga Nuwamba 1970, yana zaune yana wasan karta shi kaɗai, sai ya ji ciwo mai tsanani a baya, ya faɗi. Ba a jima ba rai ya yi halinsa, saura kwana 13 ya cika shekara 80. Babbar jijiyar jini ta cikinsa ce ta fashe.

To, masu karatu, ga inda zancen yake. Shekara 11 kafin nan, cikin Disamba 1959, ƙanensa Piyer ya yanke jiki ya faɗi a fadar shugaban ƙasa, inda ya kai wa yayansa ziyara. Ya mutu a asibiti bayan 'yan kwanaki, shi ma fashewar jijiyar jini. 'Yan'uwa biyu ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan jijiya ita ce ke ɗauko jini daga zuciya, ta sauko ta ƙirji zuwa ciki, sannan ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta kamar santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni, sai ta riƙa kumbura sannu a hankali, kamar tiyub ɗin keke da ya yi ƙulu. Likitoci na kiranta kumburarriya idan ta kai santimita 3. Mugun halinta shi ne, yawanci ba ta ciwo. Mutum na cinikinsa, yana cin abincinsa, har ranar da za ta fashe, kuma mafi yawan waɗanda ta fashe wa ba sa kai labari.

Wa ta fi kamawa? Namiji da ya haura shekara 65, mai shan taba ko wanda ya taɓa sha, da mai hawan jini. Degol kansa ya daɗe yana zuƙar sigari kafin ya daina a 1947. Sai kuma gado: wanda uba, uwa, wa ko ƙane ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kamar sau biyu.

Abin lura, tun 1951 wani likita mai suna Dubos ya yi nasarar gyara irin wannan jijiya a Paris, shekara 19 kafin mutuwar Janar. Yau ana gano kumburin da hoton ciki, irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu, cikin 'yan mintoci, ba allura ba yanka. Ƙarami ana bibiyarsa. Idan ya kai santimita 5.5 ga namiji, akan yi shawarar aiki. A Ingila ana gayyatar kowane namiji ya yi wannan hoto a shekarar da ya cika 65.

Mu a Zongo, idan dattijo ya faɗi a rumfa farat ɗaya, mukan ce ajali ne, mu yi sadakar uku da ta bakwai, shi ke nan. Ajali gaskiya ne, amma neman magani ma umarni ne. Mun san asalin kakanninmu, daga Kano ko Katsina ko Sakkwato suka biyo fataucin goro, sai dai kaɗan ne cikinmu suka san abin da ya kashe su. Mu tambayi tsofaffin gida tun suna raye. Idan akwai wanda ya mutu kwatsam bayan ciwon ciki ko na baya, a gaya wa likita, a nemi hoton ciki, a auna hawan jini, a jefar da sigari. Wanda kuma irin wannan ciwo ya taso masa farat ɗaya da jiri, a garzaya da shi babban asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.